Gwangwanin Kamfas a Ƙarƙashin Riga

Shekara goma sha tara na yi ina barin mutanen unguwar Jekadafari suna zaton na gama sakandare. Ban gama ba. A aji huɗu na tsaya, can garinmu na ƙasar Kano, shekarar da mahaifinmu ya kwanta ciwo. Ya warke, ni kuwa ban koma ba, domin na riga na ɗanɗana yawon gari. Da na zo Gombe babu wanda ya san wannan tarihin, ni ma ban ga dalilin da zai sa in tsaya ina ba da shi ba.

Aikina masinja ne a wani ofishin gwamnati. Ina kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, ina sayo wa oga ƙosai. Amma a unguwa Akawu ake ce mini. Ban taɓa buɗe baki na ce ni akawu ba ne, wannan dai zan iya rantsewa a kansa. Abin da na yi shi ne, na riƙa jera biro uku a aljihun gaba, shuɗi da baƙi da ja, kuma ranar da aka fara kirana da sunan ban ce a'a ba. Duk mai fom ɗin cikewa ni yake nema. Duk wanda aka aiko wa takarda daga asibiti ko makarantar yara, ni zan karanta masa, inda na gane in faɗa, inda ban gane ba in gyara murya in ce Turancin likitoci ne, ba na kowa ba.

Majalisarmu benci biyu ne a gindin darbejiya, tana kallon ƙofar masallaci, tana kuma kallon ƙofar gidan da nake haya. Ko kaza ce ta fito daga gidana sai an ganta.

A shekarun nan ne na tashin hankali, lokacin da aka hana hawa babur a gari, sojoji suka tare hanyoyi da buhunan yashi, kowa ya koma kallon jakar ɗan'uwansa. Ana cikin haka aka ce za a tantance ma'aikata. Ogana ya kira ni ofis, ya tura ƙofa, ya ce ya duba fayil ɗina bai ga komai ba sai takardar firamare. Mutumin kirki ne. Ya ce a wannan zagayen zai tsaya mini, amma zagaye na gaba in ban kawo takardar sakandare ba, shi ma ba shi da bakin magana. Ya ce akwai ajin manya da ake shirya mutane su zauna jarrabawar kammala sakandare, in je in ba da sunana.

Akwai irin wannan aji a wata firamare da ke bayan layinmu, tafiyar da ba ta kai a sha kofin shayi ba. Ban je can ba. Na hau keke napep na tafi wani ajin da ke can unguwar Federal Low-Cost, inda ma'aikata ke shiga gida su rufe get, babu ruwan wani da wani. Can na rubuta sunana. A da da dare ake yin karatun, amma saboda halin da ake ciki aka mayar da shi bayan la'asar, a tashi kafin magariba.

Matata kaɗai ta sani. Ita ta gama sakandare da gaske, takardarta na cikin akwati ƙarƙashin zannuwa, kuma tun shekarar farko ta aurenmu ta gano ni, ranar da ta tambaye ni wani abu na lissafi na ce kaina na ciwo. Da na gaya mata na shiga aji ta yi murna. Da na gaya mata ba na so kowa ya ji, ta dube ni ta ce, "To Malam, littattafan a ka za ka ɗauka ko a ciki?"

Tambaya ce mai kyau, domin a lokacin ba a shiga makaranta da jaka. Sai dai ka zuba littattafanka a farar leda wadda ake ganin abin da ke ciki. In na fito da farar leda, majalisa za ta karanta ni tun daga bakin ƙofa. In na fito da baƙa, za a ce in buɗe a ƙofar masallaci, kuma ba zan iya tsallake sallar la'asar a nan ba, don duk ranar da ba a gan ni a sahu ba sai an aiko gida a ji ko lafiya. Saboda haka na ɗauki maganarta ta biyu. Na samo tsohon tuf na keke, na yanka shi siriri. Kullum in na dawo daga ofis na ci abinci, sai in ɗora littattafai uku a kan ciki, ita ta zagaya robar ta ɗaure ta baya, in zura babbar riga a kai. Tana ɗaurewa tana cewa, "Ɗalibi, a yi karatu da kyau, kar a yi faɗa da yara." In na kusa makarantar sai in raɓe bayan wani kango in kwance, in zuba su a farar ledar da ke aljihuna, in shiga kamar mutumin kirki.

'Yan majalisa suka ce Akawu ya fara tumbi, gwamnati ta karɓe shi. Na ce alhamdu lillahi. Da suka tambayi inda nake zuwa kullum bayan la'asar, na ce aikin tantancewa ne ya yi yawa, oga ba ya yarda da hannun kowa sai nawa.

Da a nan na tsaya, da laifina bai wuce na mai ɓoye aibinsa ba. Amma akwai Bappa.

Bappa ba baffana ba ne, haka dai duk unguwa ke kiransa. Bafulatani ne dogo, ya haura hamsin, gemunsa ya fara fari. A ruga ya tashi, ya yi firamare yana kiwo, daga baya shanun suka ƙare ya shigo gari ya buɗe ɗan shagon maganin dabbobi. Ya san saniya fiye da yadda na san tafin hannuna, amma yana so ya yi kwas ɗin kiwon lafiyar dabbobi ya samu difloma, don kada wani yaro mai farar riga ya riƙa zuwa yana rufe masa shago. An ce masa sai da takardar sakandare. Bai yi wata-wata ba ya shiga ajin bayan layinmu, ya kuma ja telan unguwarmu suka tafi tare. Bappa ne kuma mai binciken mutane a ƙofar masallaci. Kwamiti ya sayo na'urar nan mai kama da faifan guga mai dogon hannu, wadda ake shafa wa mutum a jiki, in ta ji ƙarfe ta yi kuka. Bappa aka danƙa wa, don ba ya jin kunyar kowa. Liman ma sai ya ɗaga hannu an shafa shi.

In an idar da la'asar, Bappa zai miƙa na'urar ga ladan, ya ɗauki farar ledarsa, ya ratsa ta gaban majalisa da littattafansa a fili, yana tafe yana kaɗa su kamar wanda ya sayo nama.

Ban san abin da ya sa ganin ledar nan ke ƙona mini rai ba. Ko kuwa na sani. Ni ina fama da roba tana cin bayana, shi yana tafiyarsa yana shan iska.

Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce. Ban taɓa ganinta ba, ko gaisuwa ban iya da yarensu ba, amma da wannan ɗan siririn jini na kafa hujja cewa akwai wasa tsakanina da Fulani. Kowa ya san abokin wasa ba a fushi da maganarsa. A bayan wannan na ɓuya.

"Bappa," in ce, yana wucewa, "an ba ka kuɗin tara kuwa? Kar ka je kana kallon bakin yara."

"Na ci na ƙoshi, bawana," ya ce.

"To in malama ta ce gobe kowa ya zo da mahaifinsa, wa za ka kai?"

"Kai zan kai. Bawa ai yana wakiltar ubangijinsa."

Majalisa ta kwashe da dariya, rabi nawa rabi nasa. Shi haka yake, ka jefa ya cafe ya mayar maka. Sai ya wuce, ni kuma in jira ya sha kwana, in miƙe in ce bari in je in ga aikin oga, in nufi bakin titi neman keke, littattafaina suna danna mini ciki.

Tela ba shi da irin wannan fatar. Mutum ne mai shiru, 'ya'yansa biyu suna sakandare, kuma abin da ya kai shi ajin ke nan, yana so in sun kawo takarda gida ya san abin da ke ciki. Na fara da cewa ya ɗinka musu gajeren wando shi da Bappa, kar a kore su don rashin kayan makaranta. Ya yi murmushi. Na ce in ya kasa aikin gida ya ba babban ɗansa ya yi masa, in ya so ya saya masa alewa. Bai yi murmushi ba. Wata safiya na ɗauki allinsa na yankan yadi, yana cikin shago yana guga, na zana mutum mai gemu da jakar makaranta a jikin ƙofarsa. Yaran layi suka gani, suka riƙa binsa da "ina kwana, ɗan aji ɗaya". Bayan mako biyu ya daina bin Bappa. Ya ce ɗinki ne ya yi masa yawa.

A ranar Bappa bai mayar mini da wasa ba. Ya tsaya a gaban benci ya ce, "Akawu, kai Allah ya ba ka naka tun kana yaro. Ka bar masu nema su nema." Na ce ai wasa ne. Ya ce, "Na sani," ya wuce.

Maganar ta ɗan taɓa ni, amma ba ta hana ni komai ba. Har ma na samu sabon makami. Da yake jarrabawa ɗaya muke shiryawa, abin da ake koya musu shi ake koya mana, sai dai mu muna gaba da su da kwana ɗaya ko biyu. In malamarmu ta lissafi, wata 'yar Tangale da na girme ta nesa ba kusa ba, ta koya mana abu ranar Litinin, ranar Talata sai in tare Bappa da shi a gaban jama'a.

"Bappa, kusurwoyin alwatika in an haɗa su nawa ne?"

Ya ce ba su zo nan ba tukuna.

"Ɗari da tamanin. Mu tun muna yara muka wuce wannan."

Jiya-jiya na ji shi, kuma sai da matata ta maimaita mini sau uku. 'Yan majalisa suka jinjina kai, suka ce ilimin da daban yake, dubi shekara nawa amma bai manta ba. Bappa ya dube ni ɗan lokaci, ya ce, "Lallai kana da ƙwaƙwalwa."

Sai aka zo wajen zane, aka ce kowa ya sayo gwangwanin kayan lissafi, ɗan falalen akwatin ƙarfen nan mai kamfas da rula a ciki. Bappa ya riga ni saye. Ranar da ya fito da shi a leda yana ƙwalƙwal a rana, na samu abin yi. Na ce ko garin taba ne ya zuba a ciki. Na ce kamfas ɗin na auna ƙahon saniya ne. Na ce ya yi hankali da tsinin, kar ya je ya yi wa ɗan wani allurar shanu. Ya girgiza gwangwanin a kusa da kunnena, kayan ciki suka yi ƙara, ya ce, "Ji daɗin muryarsa, bawana. Naka na da ina yake?" Na ce ya ɓata tun zamanin soja.

A yammacin nan malamarmu ta ce duk wanda ya zo gobe babu gwangwani, ya tsaya a waje. Na saya a hanyar dawowa, a wani shago da ba a san ni ba.

Washegari matata ta ɗora littattafai uku, na ce ta ɗora gwangwanin a kai. Ta ce, "Wannan fa ƙarfe ne." Na ce na sani, ba itace na ce ba ne. Ta ce, "To." Ta ɗaure. Daga baya ta rantse cewa abin da take nufi ke nan, ni kuma na ce me ya hana ta faɗa mini dalla-dalla. Ta ce ta ɗauka akawu ba ya bukatar bayani.

Wata biyar ina wucewa ta gaban na'urar nan da littattafai a ciki, ba ta taɓa ce mini uffan ba, don takarda ba ta dame ta ba. Har na daina tunawa da cewa tana da aiki. A makon kuwa gari a tsorace yake, saboda abin da ya faru a wata tashar mota bai daɗe ba, kuma kowa ya san yadda masu yin abin ke zuwa: a ɗaure a ciki, a ƙarƙashin riga. Kwamiti ya ƙara samari biyu masu gora a bakin ƙofa.

Na shiga layi, akwai mutum kamar goma a bayana. Da na iso gaban Bappa na ɗaga hannuwa, ina cewa, "Yi sauri, ɗalibi, kar ka makara a yi maka bulala." Ya shafa kafaɗa, ya shafa ƙirji, ya sauko ciki. Na'urar ta yi kuka.

Ya ce, "Makulli ne?" Na ciro makullai na ba shi. Ya sake shafawa. Ta sake yin kuka, a daidai cibiya.

Na ji takalman mutanen da ke bayana suna ja da baya. Wani dattijo da ke alwala ya ajiye buta a hankali ya miƙe da ƙafa ɗaya a wanke.

Doka ita ce, wanda na'ura ta yi wa kuka ya ɗaga rigarsa. Ni da bakina na goyi bayan wannan doka a majalisa, har na ce ko gwamna ne a ɗaga. Bappa ya ce, "Ɗaga, Akawu."

Na ce bel ne. Ya ce ba a sa bel a kan cibiya. Na ce abin ɗaurin ciwon baya ne da likita ya ba ni. Ya ce to a gani. Na ce al'aura ce.

A nan ne zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin. Na ga samarin nan sun gyara riƙon gora, na ga sahun farko na cikin masallaci sun fara fita ta ƙofar liman, na san abin da ake zato. Amma na tsaya ina aunawa a raina, wanne ya fi sauƙi, a ɗauke ni mai ɗauke da mugun abu, ko a gane ni ɗan ajin manya ne. Ba daɗewa na yi ba, numfashi uku ko huɗu. Amma na auna, kuma ban ce ga wanda ya rinjaya nan take ba.

Kowa ya matsa sai Bappa. Har yau ban san ko jarumta ce ko taurin kan Fulani ba. Ya sauke na'urar, ya miƙo hannu ya dafa cikina, ya ji faɗin abin. Sai ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa. Kamfas da rula suka amsa daga ciki.

Ya tsaya. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya karkata kunne kamar mai sayen kankana. Na ga gemunsa yana motsi.

Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Kamfas?"

Na ce, "Kamfas."

"Wanda ya ɓata zamanin soja?"

Na ce, "Bappa, don girman Allah ka ce ka duba, ba komai."

Ya waiga ya dubi mutane, ya dawo da ido kaina. "Da ni kaɗai na ji, da na rufa maka. Amma dubi fuskokinsu. Tsoron nan ba zai kwanta da maganata ba, sai sun gani da idonsu. Ka ɗaga da hannunka, kafin yaran can su ɗaga maka da gora."

Na ɗaga.

Ga singileti, ga baƙar roba ta zagaye ni sau biyu, ga littattafai uku sun jiƙe da gumi, ga gwangwani a sama yana ƙyalli, da hoton taswira a murfinsa. Bappa ya zagaya bayana ya kwance ƙullin matata, ya ce wanda ya yi ƙullin nan ya iya ɗaure ɗan maraƙi. Tumbin da gwamnati ta ba ni ya sauka a hannunsa gaba ɗaya.

Na ɗauka ya gama. Ashe yanzu ya fara. Ya ce doka ta ce duk abin da aka samu a jikin mutum sai an bincika shi ciki da waje. Ya buɗe gwangwanin ya ɗaga kamfas sama, ya juya shi kowa ya gani, ya ce, "Na auna ƙaho ne." Ya ɗaga rula. Ya ɗaga ɗan abin goge fensir. Sannan ya ɗauki littafin lissafi ya karanta abin da ke bangon da ƙarfi, sunana da sunan ajin, a hankali, yadda aka koya musu karatu. Ya lashi yatsa ya fara buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, wai ko an ɓoye wani abu a tsakani. Da ya zo inda malama ta yi aiki da jan biro sosai, ya daɗe a wurin. Bai faɗi makin ba. Ya dai juya shafin ga jama'a, ya ce, "Jama'a ku kwantar da hankalinku. Babu abin da zai tashi a nan."

Wanda ya fara dariya dattijon nan ne mai ƙafa ɗaya a wanke. Daga nan ta bazu, irin dariyar mutanen da suka tsorata suka ga ba komai, wadda ba ta tsayawa da wuri. Waɗanda suka fita ta ƙofar liman suka dawo suna tambayar me aka samu, ana ce musu boko aka samu a cikin Akawu. Liman ya leƙo ya ce a shigo a yi salla, lokaci na tafiya. Bappa ya zaro farar leda daga aljihunsa, ya zuba mini kayana, ya miƙo mini. A gefensa na yi sallar nan, ledata a gabana kusa da tasa, kuma ban san abin da na karanta a cikinta ba.

Da aka sallame, muna sa takalma, ya ce, "Na daɗe ina mamaki. Duk abin da za a koya mana gobe, yau yana bakinka. Na ce ko dai mutumin nan waliyyi ne, ko akwai inda yake zuwa."

Ban je aji ba ranar. Na koma gida na kwanta. Matata ta riga ta ji, don labarin ya riga ni shiga. Ba ta yi dariya a gabana ba, ta dai shiga kicin ta daɗe.

Kwana uku ban zauna a majalisa ba. Na huɗu na fito, don ba a ƙaura saboda kunya in gidan haya ne mai arha. Suka yi mini abin da na san za su yi, na kuwa shanye, don ni na koya musu. Sunan Akawu ya tafi, aka koma Mai Ciki. Har yanzu akwai masu kirana haka, wasu ma ba su san mafarin ba. Abin da ban zata ba shi ne, ba a daina kawo mini fom ba. Sai dai yanzu in na gama cikewa, mai fom ɗin yakan ce bari ya kai wa Bappa ya duba.

Na je shagon Bappa na same shi yana jera kwalabe. Na ce na zo neman gafara. Ya ce wace gafara tsakanin bawa da ubangijinsa. Na ce da gaske nake. Ya ajiye kwalbar, ya ce shi ban yi masa komai ba, maganata ba ta taɓa hana shi zuwa aji ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Wanda ka yi wa yana can yana taka keken ɗinki."

Na je wajen tela. Zanen da na yi a ƙofarsa ya daɗe da gogewa, amma na san daidai inda yake. Na faɗi abin da ya kawo ni, na ce ya dawo aji mu tafi tare, ni ma zan dawo na bayan layi. Ya ji ni har ƙarshe, ƙafarsa a kan keke. Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Ya ce amma zancen aji a bar shi, zuciyarsa ta fita, kuma babban ɗan nasa ya kusa gamawa, shi zai riƙa karanta masa takardu. Na koma sau biyu bayan wannan. Bai dawo ba. Mutane suna ba da labarin gwangwanin nan suna dariya, ni ma ina yi, amma wannan ɓangaren ba a cika faɗinsa ba, shi ya sa na rubuta shi.

Na dawo ajin bayan layinmu. Kuɗin keke ya huta, bayana ma ya huta. A benci ɗaya muka zauna da Bappa, benci na yaran firamare, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Ya fi ni lissafi nesa, don mutumin da ya tashi yana ƙirga shanu da ido ba ya tsoron lamba. Na fi shi Turanci kaɗan. Da jarrabawa ta zo ya haye a zama ɗaya. Ni lissafi ya riƙe ni sai da na sake zama, kuma takardata ta fito ana saura kaɗan a fara zagaye na biyu na tantancewa. Ogana ya karɓa ya duba gaba da baya, ya sa a fayil, ya aike ni ƙosai.

Shekarar da na yi ina maimaita lissafi, Bappa ya riga ya fara kwas ɗinsa a nan cikin gari, amma yana nan a ƙofar masallaci da na'urarsa duk la'asar. Ina zuwa da farar leda a hannu, gwangwani a ciki, kowa na gani. Duk da haka sai ya shafa kafaɗa, ya shafa ƙirji, in ya zo ciki ya tsaya, ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya karkata kunne.

"Yau babu komai?"

"Sai tuwo, Bappa."

"Wuce, ɗalibi. Kar ka makara."